Fim ɗin jirgin ƙasa da aka tura mini a Zango

Ran Juma'a bayan la'asar na shiga wani shagon masu tura fina-finai a unguwar Zango, nan Zinder, na ce wa yaron ya sa mini wanda ba na soyayya ba. Ya ce, "Yaya, akwai wani na jirgin ƙasa, sai ka dawo ka gode mini." Dala ashirin ya karɓa, cikin minti biyar ya gama. Hoto tas. Sai dai muryar ta Faransanci ce, daga tsakiya kuma ta riƙa riga baki fita. A fadarmu ni na zama tafinta ga waɗanda ba su yi lakwal ba, shayina har ya huce.

Snowpiercer ne na 2013, aikin Bong Joon-ho ɗan Koriya ta Kudu. An watsa wani sinadari a sama don rage zafin duniya, garin neman gira aka rasa ido, ko'ina ya daskare. Waɗanda suka tsira shekara 17 suna cikin jirgi ɗaya mai zagaya duniya, masu hali a gaba da lambu da kifi, talakawa a wutsiya, har suka yi tawaye suna kutsawa gaba. Mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ya ratsa Damagaram ba, ba wanda ya nemi a yi masa bayanin wutsiya.

Da aka nuna cewa abincin talakawan da ƙwari ake yinsa, jarumin kamar zai yi amai. Mu dariya muka yi, ga ledar soyayyar fara a gabanmu.

Wurin ruwa ne aka daina dariya. 'Yan tawayen sun ɗauka in suka riƙe taragon ruwa, na gaba dole su sauko a yi ciniki. Sai matar nan mai magana da yawun masu jirgi ta gaya musu ai ruwan daga hancin jirgin yake shigowa, inda ake fasa ƙanƙara, wato a hannun na gaba yake farawa. Duk wanda ya taɓa tashi tsakar dare yana murɗa famfo a Zinder, ko ya jira mai garuwa a watan bazara, ya ji wannan a jikinsa.

Abin da ya fi cin raina, ashe tawayen ma shiryayye ne. Mai injin, wato shugaban jirgin da ke can gaba, da dattijon wutsiya, wanda kowa ke ɗauka uba, baki ɗaya suke, a bar mutane su tashi don a rage yawansu. Nan gardama ta ɓarke, wani ya ce ƙarya mai injin yake don ya karya zuciyar jarumin. Ni dai na gaskata shi.

Jini ya yi yawa, musamman faɗan gatari cikin duhu, kada a kunna gaban yara. Na koma shagon na yi ƙorafin murya, yaron ya sake tura mini kyauta. Matsalar tana nan yadda take.