Irin tumatir na noman rani: wanne za ka saya idan hudarsa za ta haɗu da ɗari?

Daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu, kuka ɗaya ake ji a bakin masu lambu tun daga Kadawa da Kura har Ɗanja: tumatir ya yi huda gwanin sha'awa, ganye shar, amma sai wuyan furen ya yi rawaya ya zube, ko ya ƙulla 'yan ƙananan 'ya'ya masu kumfa a ciki, babu ƙwaya. Sai a ɗora wa taki laifi, ko a sayo magani a yi ta feshi. Sau da yawa ɗari ne kawai. Saboda haka kafin ka ba da kuɗin iri a watan Satumba ko Oktoba, ka fara lissafa watan da shukarka za ta yi fure.

Tumatir asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma ba ya iya sabawa da sanyi kamar yadda alkama ke yi. Yana son daren da bai yi ƙasa da digiri 15 ba. Idan dare ya sauka ƙasa da 13 ƙulla 'ya'ya na raguwa, idan ya yi ƙasa da 10 kuwa garin furen kansa ke lalacewa. Daren hunturu a Kano yakan sauka wajen 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, a Jos kuma abin ya fi tsanani. Ɓarnar tana faruwa ne tun kafin ka ga furen ya buɗe, kamar kwana 10 kafin nan, lokacin da garin ke haɗuwa a cikin ƙullin. Akwai wani siririn shimfiɗi a cikin jakar garin da ke ciyar da shi sukari da maiƙo, wanda ƙwayoyin gado ke tsara masa lokacin aiki da lokacin narkewa. Sanyi yana rikita wannan tsari, sai garin ya fito babu abinci a cikinsa, ya kasa tsira a kan matar furen. Tumatir yana da ƙwayoyin gadon da ake kira CBF, waɗanda ke farkawa idan an yi sanyi, amma abin da suke iya tayarwa a jikinsa kaɗan ne idan aka gwada da tsirran ƙasashen ƙanƙara. Masu bincike suna neman juriyar a jikin wani ɗan'uwansa na daji, Solanum habrochaites, da ke fitowa a saman tsaunukan Andis. Wannan aiki ne na masana, kuma ni ban taɓa ganin gwangwanin irin da ya zo da wannan juriya a shagunanmu ba.

To, tunda babu irin da ke maganin ɗari, abin dubawa shi ne wanne zai bar ka da abin kai wa kasuwa idan ɗarin ya cinye maka huda ɗaya.

Ni dai UC82B nake saya, wanda kowa ke kira UTC, kuma shi nake ba mutane shawara. Jami'ar Kalifoniya ce ta fitar da shi a shekarun 1970 domin masana'antun tumatirin gwangwani, shi ya sa yake da tsoka, ruwansa kaɗan, fatarsa da ƙwari. Ka ɗauki ɗaya ka matsa da babban yatsa, za ka ji ya turje. Shi ne ke jure lodi a kwando daga kasuwar Kwanar Gafan a Kano har kasuwar Mile 12 a Legas, shi ne kuma idan kasuwa ta faɗi za ka yanka ka shanya ya ba ka kauɗa mai auki. Gajere ne, ba ya buƙatar sanda ko igiya. Aibinsa a bayyane yake: yana yin hudarsa kusan a lokaci guda, don haka idan mako mai tsananin ɗari ya faɗo a kan wannan lokaci, asarar tana da yawa. Amma ba iri mai aure ba ne, wato haibirid da ake rubuta wa F1, kuɗinsa bai kai na haibirid ko kusa ba, kuma wannan araha ita ce ke ba ka damar yin reno kashi biyu ko uku, da ratar mako biyu a tsakani. Idan ɗari ya kama fangalan farko, na biyu za su yi huda bayan ya lafa. Wanda ya zuba duk jarinsa a ƙaramar leda ɗaya mai tsada ba shi da wannan dama. Sai dai kar a ja dashen ƙarshe ya yi nisa, domin zafin Maris da Afrilu shi ma yana kashe garin fure, ga kuma tsutsar Sharon da ta tashi gonakin Kano a 2016 tana ƙara ƙarfi idan zafi ya shigo.

Haibirid irin su Padma F1 da Platinum F1 na East-West Seed, ko Cobra F1 na Technisem, iri ne masu kyau, amma abin da aka fi tallata su da shi jure zafi ne da cututtukan damina. Mai noman damina ya saye su, mai son ya ci kasuwar Yuni da Yuli. A tsakiyar hunturu kana biyan kuɗin abin da ba shi ne damuwarka ba. Roma VF tsohon hannu ne, bai kai UTC ƙwari a hanya ba. Ɗan Eka da sauran irin gida ruwa ne zalla, na kasuwar ƙauye ne da miyar yau.

Abin da ya fi ɗari cin mutane shi ne jabu, kuma sunan UTC ne aka fi fakewa da shi saboda kowa shi yake nema. An taɓa sayar mini da gwangwani a wata kasuwa, fenti da rubutu komai daidai, na yi reno, na dasa, na yi ban ruwa da taki wata biyu. Da ya fara nuna, a fangali ɗaya akwai mai tsawo, akwai mai zagaye, akwai mai tsaga-tsaga da ke fashewa a hannu. Dillali ya duba kwandon ya ce wannan gauraye ne, ya yanke kuɗin da ya ga dama. Yadda masu jabun suke yi shi ne su tattara gwangwanayen da aka yi amfani da su, su wanke ƙwayar ruɓaɓɓen tumatir daga kasuwa, su shanya, su rina ta da jan gari ko shuɗi don ta yi kama da wadda aka yi wa magani, su sake liƙewa. Ka juya gwangwanin ka duba bakin murfin da gindinsa. Idan ka ga alamar dalma ko gam, ko tsatsa a wajen haɗin, ajiye shi. Ka duba lambar rukuni da ranar da aka gwada irin da ranar ƙarewarsa, su kasance bugun inji, ba takardar da aka manna daga baya ba. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, tana da tambarin SeedCodex da ake kankarewa a tura lambar ta waya, idan kunshin yana da shi kar ka bar shagon sai ka gwada. Kar ka sayi irin da ake aunawa da cokali daga buɗaɗɗen gwangwani, ko wanda ya wuni a rana kan tebur. Wanda kuma ya ce maka yana da F1 da ya cire daga gonarsa ta bara, ko bai sani ba ko yana cutarka, domin jikokin iri mai aure rarrabuwa suke yi. Mafi muni su ne masu cewa nasu "irin sanyi" ne na musamman daga waje, su ninka kuɗi. Ka ce su nuna maka inda aka rubuta haka a jikin kunshin.

Ko daga amintaccen shago ka saya, ka karɓi rasit, sannan ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka sa a leda ka ajiye a ɗaki. Bayan mako guda ka buɗe. Idan waɗanda suka tsira ba su kai 15 ba, ka mayar da gwangwanin tun kafin ka gyara wurin reno.