Sharhi kan Cibiyar Emmett Till da ke Sumner, inda aka wanke masu kisa cikin minti 67

Cibiyar Emmett Till, wadda ake kira Emmett Till Interpretive Center, ƙaramin wuri ce da ke daura da kotun gundumar Tallahatchie a garin Sumner na jihar Misisipi ta Amurka, kuma babban aikinta shi ne zagayawa da baƙi cikin wannan kotu tare da yi musu bayanin wuraren da ke da alaƙa da kisan gillar da aka yi wa Emmett Till a shekarar 1955. Na same ta wuri ne da ya cancanci a yi tattaki a je, kuma dalilina bai tsaya ga labarin kisan kaɗai ba, domin ana iya karanta wannan a ko'ina. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda take nuna wa mai ziyara, ɗaki bayan ɗaki da wuri bayan wuri, irin haɗin bakin da hukumomi da lauyoyi da talakawan gari suka yi don a binne gaskiya.

Emmett yaro ne ɗan shekara 14 daga Shikago, wanda ya zo hutu gidan Moses Wright, mijin 'yar uwar kakarsa, kusa da ƙauyen Money. A ranar 24 ga Agusta ya shiga kantin wani Bature mai suna Roy Bryant, inda matar mai kantin, Carolyn, take tsaro, kuma 'yan uwan Emmett da suke wurin sun ce abin da suka shaida shi ne ya yi mata fito. Da tsakar daren 28 ga Agusta, Bryant da ɗan uwansa J.W. Milam suka zo da bindiga suka ɗauke shi daga kan shimfiɗarsa. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an lakaɗa masa duka har kamanninsa sun ɓace, an harbe shi a kai, an kuma ɗaura masa fankar injin gurzar auduga mai nauyin kimanin kilo 34 a wuya da waya mai ƙaya.

Zuciyar ziyarar ita ce ɗakin shari'a da ke saman bene, wanda aka gyara aka mayar da shi yadda yake a 1955, aka sake buɗe shi a 2015. Ɗakin bai kai girman da mutum yake zato ba, kuma wannan ƙanƙantar ita ce ta fi dukana. Idan ka tsaya kusa da kujerar mai ba da shaida, za ka ga cewa taku kaɗan ne tsakaninta da inda waɗanda ake tuhuma suke zaune, kuma a wannan tazara ce Moses Wright, dattijo manomi ɗan shekara 64, ya miƙe tsaye ya nuna Milam da yatsa a gaban ɗakin da ya cika maƙil da Turawa. A Misisipi ta wancan zamani, baƙin mutum ya zargi Bature da laifi a bainar jama'a tamkar sa hannu ne a kan ajalinsa, shi ya sa bayan shari'ar ya bar gonarsa da gidansa ya koma Shikago. Jagorarmu ta nuna mana gefen da aka ajiye wa 'yan jarida baƙaƙe ɗan teburi, nesa da takwarorinsu farare, ta kuma ba mu lokaci mu zauna ba tare da ta cika mu da magana ba, abin da na ga ya dace da nauyin wurin.

Bayanin da aka yi a kan masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ya gamsar da ni, domin ya bayyana yadda zaluncin yake aiki tun daga tushe. Mutum 12 ne, dukansu maza kuma farare, duk da cewa baƙaƙe ne suka fi yawa a gundumar. Dalili shi ne ana zaɓo su ne daga cikin masu rajistar zaɓe, kuma babu baƙin mutum ko ɗaya da ke da rajista a Tallahatchie a lokacin. Lauyoyi biyar na garin Sumner kaf ɗinsu suka tsaya wa waɗanda ake tuhuma, mutanen yankin kuma suka yi karo-karo don biyan kuɗin kariyar. An fara shari'a ranar 19 ga Satumba, ranar 23 ga wata aka sallami Bryant da Milam bayan shawarar da ta ɗauki minti 67, har aka ruwaito ɗaya daga cikin mutanen 12 yana cewa da ba su tsaya shan lemo ba, da ba su kai haka ba.

Wanda sunansa ya fi fitowa a batun rufa-rufar shi ne shugaban 'yan sandan gundumar, Clarence Strider. Shi ne ya nemi a binne gawar cikin gaggawa a Misisipi, kuma da ba don mahaifiyar yaron, Mamie, ta dage sai an kawo mata ɗanta Shikago ba, da babu wanda zai ga abin da aka yi masa. Da aka zo kotu, sai wannan jami'i, wanda haƙƙinsa ne ya taimaka a hukunta masu laifi, ya ba da shaida a ɓangaren waɗanda ake tuhuma, yana cewa gawar ta daɗe a ruwa fiye da yadda za a ce ta Emmett ce, alhali an same ta da zoben mahaifinsa mai ɗauke da haruffan L.T., kuma uwar da ta haife shi ta zo da kanta ta shaida shi. Akwai kuma baƙaƙe biyu masu yi wa Milam aiki, Levi Collins da Henry Lee Loggins, waɗanda aka neme su aka rasa a lokacin shari'ar, daga baya bayanai suka nuna an ɓoye su ne a kurkukun garin Charleston don kada su yi magana.

Ƙaryar da ta fi daɗewa ita ce wadda masu kisan suka shirya da bakinsu. A Janairun 1956 mujallar Look ta buga hirar da Bryant da Milam suka amsa laifin bayan an biya su dubban daloli, sun san doka ba za ta bari a sake gurfanar da su a kan laifi ɗaya sau biyu ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan hira a matsayin cikakkiyar gaskiya, amma an tsara ta ne don a kare sauran masu hannu: ta nuna kamar su biyu kaɗai suka yi aikin, ta kuma share batun rumbun ajiyar kayan gona da ke kusa da garin Drew a gundumar Sunflower, inda wani matashi ɗan shekara 18, Willie Reed, ya ji ihu da ƙarar duka, ya kuma zo kotu ya faɗa. Na yaba wa cibiyar ƙwarai da ta mayar da wannan rumbu tsakiyar labarin, domin shekaru da dama ba a saka shi cikin taswirar tarihin ba. Haka kuma bayan shari'ar aka fallasa wa jaridu cewa sojin Amurka sun rataye mahaifin Emmett a Italiya a 1945, da nufin ɓata sunan gidan, kuma a Nuwamba 1955 aka ƙi gurfanar da mutanen biyu ko da a kan laifin sace yaron, duk da cewa sun amsa ɗauke shi tun da farko.

Cibiyar ta samo asali ne daga wani kwamitin baƙaƙe da farare na gundumar, wanda a 2007 ya tsaya a gaban wannan kotu ya karanta takardar neman gafara ga dangin Till. Kwamitin ya kafa allunan tunawa, kuma abin da ya sami allon Graball Landing, inda ake kyautata zaton an fito da gawar, ya isa ya nuna cewa ƙiyayyar ba ta mutu ba. An sace na farko, an yi wa na biyu ruwan harsasai har sama da rami 300, an harbi na uku makonni kaɗan bayan kafa shi, sannan a 2019 aka kafa na huɗu na ƙarfe mai nauyin fiye da kilo 200 wanda harsashi ba ya huda shi. Hanyar zuwa wurin ta ƙasa ce, ta ratsa gonaki, babu gida babu kanti, kuma ruwan kogin ja ne mai laka. Mutum-mutumin tunawa da sojojin Kudu da suka yi yaƙi don kare bautar da bayi shi ma yana nan tsaye a harabar kotun.

Ziyarar tana da nata gazawa, ko da yake yawancinta ba daga ma'aikatan take ba. Wuraren suna warwatse ne a gundumomi uku, don haka wanda ya tsaya a Sumner kaɗai ya ga rabin labarin ne. Kantin Bryant da ke Money ya zama kango, rufinsa ya rufta, ciyayi sun lulluɓe bangonsa, kuma ba a hannun cibiyar yake ba. Kayan da aka baje a cikin ita kanta cibiyar ba su da yawa, wanda ya saba da manyan gidajen tarihi zai ga kamar ya gama kallo da wuri. Rawar da Mamie ta taka kuma, wato buɗe akwatin gawar a majami'ar Roberts Temple inda dubban mutane suka yi layi suka gani, da amincewa mujallar Jet ta buga hotunan, labari ne da aka fi jin nauyinsa a Shikago da kuma Washinton, inda aka ajiye akwatin na asali a gidan tarihin baƙaƙen Amurka.

Babu wanda ya taɓa yin ko kwana ɗaya a kurkuku bisa hukuncin wannan kisa. Milam ya mutu a 1980, Bryant a 1994. Hukumar FBI ta sake buɗe bincike a 2004, aka tono gawar a 2005 aka tabbatar cewa ta Emmett ce, abin da ya rushe shaidar Strider bayan shekara 50. A 2022 aka gano sammacin kama Carolyn Bryant na 1955 a ɗakin ajiyar takardu na kotun gundumar Leflore, inda ƙauyen Money yake, ba a taɓa aiwatar da shi ba, ta kuma mutu a 2023 ba a gurfanar da ita ba. A ɗaya gefen, Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery wata uku bayan kisan, 'yan kwanaki bayan ta halarci taron da aka yi bayani a kansa, kuma a Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da sunan Emmett, wadda ta mayar da irin wannan kisa laifin tarayya bayan kusan yunƙuri 200 da suka ci tura a majalisa. A ranar 25 ga Yuli 2023 aka ayyana kotun Sumner da Graball Landing da Roberts Temple a matsayin wuraren tarihi na ƙasa.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya tanadi mota tasa, domin Sumner ƙaramin gari ne mai nisan kusan awa biyu daga Memphis, ya kuma tuntuɓi cibiyar tun kafin ya taso don a tsara masa shiga ɗakin shari'a. Manhajar waya ta Emmett Till Memory Project tana taimakawa wajen gano sauran wuraren, waɗanda wasunsu ba su da alama a bakin titi. A ware yini guda cur, a fara da kotu da safe, sannan a bi ta Graball Landing zuwa Money. Iyayen da za su je da yara ƙanana su san cewa labarin yana da tsanani, gara su fara yi musu bayani a gida.