Albashin kamfani ko kwantiragi? Amsa ga mai gina shafukan intanet a Jidda

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Jidda ya kawo tambaya. Sana'arsa gina shafukan intanet, kuma tayi biyu ne a gabansa: wani kamfani a Riyad zai ɗauke shi aiki a kan riyal 9,000 duk wata, wani ɗan kasuwa kuma yana so ya gina masa kantin intanet cikin wata biyar, ya biya shi riyal 70,000. Wanne zai kama?

Malam, kafin mu shiga lissafi, ciro katin da ke aljihunka ka duba, domin a Saudiyya shi ne ke fara yanke hukunci. In kai Bahaushe ne ɗan ƙasa, irin 'yan'uwanmu da kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna, hanya biyun duk a buɗe suke gare ka. Ma'aikatar ƙwadago tana ba ɗan ƙasa takardar aikin kai, wadda da ita zai buɗe asusun banki na sana'a, ya karɓi aiki da sunansa, har ya riƙa zuba kuɗin fansho a GOSI, hukumar inshorar ma'aikata, in ya ga dama. In kuwa iƙama gare ka, wato katin izinin zama na baƙo, wannan takarda ba taka ba ce. Sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana baƙo yi wa wani aiki in ba kafilinsa ba, wato wanda ya ɗauke shi aiki a hukumance, ya kuma hana shi yin aiki na ƙashin kansa. Wanda iƙamarsa ke ƙarƙashin ta mahaifinsa ma sai ya yi naƙali, wato ya mayar da iƙamarsa ƙarƙashin kamfani, kafin a ce yana da izinin aiki.

Na san abin da za ka ce: ai kowa yana yi. Gaskiya ne, ana yi. Amma ranar da ɗan kasuwar nan ya riƙe maka kashin ƙarshe na kuɗinka, gaban wa za ka kai shi? Kotun ƙwadago za ta nemi kwantiragin da aka yi wa rajista, kai kuma abin da ke hannunka hirar WhatsApp ce wadda ita kanta shaida ce a kanka. Masu cewa a nemi ɗan ƙasa ya ara maka rajistar kasuwancinsa, ku raba, su sani wannan shi ne tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a haɗa masa da tarhil, wato kora daga ƙasar.

To, mu ajiye su gefe da gefe ta fuskar kuɗi. Riyal 70,000 a wata biyar ya kama 14,000 duk wata, ya fi albashin nesa ba kusa ba. Sai dai wata biyar a bakin mai kanti ba ya zama wata biyar. Shafin zai zo da Larabci da Turanci, ɗaya yana tafiya daga dama, ɗaya daga hagu, duk abin da ka daidaita a nan sai ya karkace a can. Za ka haɗa biyan kuɗi ta mada, tsarin katin banki na Saudiyya, ka haɗa rasitin intanet da hukumar zakka da haraji ta wajabta tun Disambar 2021. Ƙarfe ɗayan dare saƙon murya zai shigo: "Gyara kaɗan ne, ya Sheikh, a mayar da maɓallin nan kore." In aikin ya ja zuwa wata bakwai, ko ka gama ka zauna wata biyu ba wani, ka dawo 10,000 ke nan. Daga ciki za ka cire asibiti, ka cire kwamfuta in ta mutu, kuma duk ranar da ka kwanta zazzaɓi ba wanda zai biya ka.

Albashin 9,000 kuwa yana tafe da abubuwan da ba a gani a takardar tayi. Kamfani ne ke biyan inshorar lafiyarka da sabunta iƙama da harajin ma'aikacin waje. Kana da hutun kwana 21 a shekara da albashinka, ya koma 30 bayan shekara biyar. Aiki awa 48 ne a mako, a Ramadan ya sauko 36. Ga kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Amma ka kula, in kai ka ajiye aikin kafin shekara biyu ba ka da ko sisi, tsakanin biyu da biyar kuma kashi ɗaya cikin uku kawai za ka samu.

Kada kuma kalmar dindindin ta ruɗe ka. Kwantiragin baƙo a ƙasar nan dole ya zama mai wa'adi, ana sabunta shi ne, kuma GOSI ba ta tara wa baƙo fansho, hatsarin wurin aiki kaɗai take rufewa. Ga tsarin ba 'yan ƙasa fifiko, wanda tun 2021 ya shigo ayyukan kwamfuta da sadarwa, inda aka ware wa 'yan ƙasa kashi 25 cikin ɗari na guraben. Abin da ya yi sauƙi shi ne, tun Maris ɗin 2021 ma'aikaci yana iya komawa wani kamfani ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, bayan ya cika shekara, ba sai kafili ya yarda ba. Riyad kuma ba Jidda ba ce wajen haya, tsadar ta kai har gwamnati ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin a 2025. In da iyali a ƙarƙashinka, riyal 400 ne kowane mutum duk wata, daga aljihunka.

Ta fuskar ƙwarewa, kwantiragi yana koya wa mutum ciniki da sauri da iya magana da mai kuɗi. Kamfani yana koya masa aiki cikin jama'a, inda wani zai karanta abin da ya rubuta ya nuna masa inda ya kwafsa. Matashin da bai taɓa samun wannan ba, a ganina ya fi bukatarsa a kan ƙarin riyal dubu.

Shawarata ke nan. In iƙama ce a hannunka, ka tafi Riyad, amma kada ka yi cinikin biri a sama: sai ka ga kwantiragin a Qiwa, ka duba nawa ne ainihin albashi, nawa ne kuɗin gida da na mota, wace sana'a za a rubuta maka a iƙama, sannan ka danna amincewa. Ɗan kasuwar kuma, in da gaske yake, ya ba wani kamfani mai rajista aikin. In kai ɗan ƙasa ne kuma kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida, karɓi kwantiragin, a rubuce, a raba kuɗin kashi uku, a fara biyan kashin farko kafin ka buɗe kwamfuta, a kuma ƙayyade sau nawa za a yi gyara kyauta.