Gargaɗi: masu tallar hannun jarin rijiyar ruwan zafi ta Jamus

Jama'a, don Allah a yi hattara. Akwai wasu da ke bin guruf-guruf na WhatsApp da Telegram suna tallar hannun jari a wata rijiyar ruwan zafi da wai za a haƙa a Jamus don samar da lantarki. Ka zuba Naira 50,000, riba ta riƙa shigo maka duk mako, in ka kawo mutum biyu a ƙara maka kaso. Suna haɗawa da bidiyon injin haƙa da wata taswira mai ja da rawaya, wai na'urarsu ta hango ruwan tun daga sama, don haka babu asara. Damfara ce.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne irin wannan aikin gaskiya ne, ana yin sa a Jamus. A ƙarƙashin birnin Munich da ke kudancin ƙasar akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka da Kalambaina, sai dai nasu yana can ƙasa sosai. Ruwa ya cinye shi tun tale-tale, ya bar koguna da tsage-tsage cike da ruwa. Zafin ƙasa kuma yana ƙaruwa da kimanin digiri 3 a duk mita 100. A garin Unterhaching da ke kusa da Munich sun haƙa fiye da mita 3,000, suka samu ruwa mai zafin sama da digiri 120. Rijiya biyu ake yi, ɗaya ta zuƙo ruwan a ɗebi zafinsa, ɗaya ta mayar da shi ƙasa.

Amma su ba ku labarin Geretsried mana, a kudu da Munich ɗin. A 2013 aka haƙa kusan mita 6,000 a can. Zafi kam an samu, ruwan ne bai taka kara ya karya ba, domin dutsen wurin a toshe yake. Aka sake gwadawa a 2017, haka aka tashi. Su da suka fara auna ƙasa da motocin da ke girgiza ta, suka kashe miliyoyin Yuro, ga ƙwararru ga kayan aiki, ba su san gaskiyar wurin ba sai da ƙarfen haƙa ya isa dutsen aka gwada yawan ruwan da ke fitowa. To wane ne kuma zai zauna da wayarsa ya rantse maka babu asara? Ko rijiyar da ta yi nasara shekaru take ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta, kuma mafi yawan zafin ɗumama gidaje ake yi da shi lokacin sanyi.

Abin da ya fi ɓata mini rai, har bidiyon Wikki na Yankari suke sawa, wai nan ne kashi na biyu na aikin. Ruwan Wikki kimanin digiri 31 ne, na wanka ne, ba zai juya injin lantarki ba.

Asusun da suke bayarwa na mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba. Takardar CAC da suke nunawa ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ke ba da wannan, kuma ana iya duba suna a shafinta. Haka aka yi da MMM a 2016 da CBEX a 2025, na farko suka ci kuɗin na baya. Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da hirarrakin, ya sanar da bankinsa yau, ya kai ƙara EFCC. In sun ce ka biya kuɗin cirewa kafin su sakar maka naka, kada ka ƙara ko kwabo.