Makarantar musamman ko ta unguwa: ina za a kai kurman maraya?

Yaron da aka haifa kurma kuma ya tashi a gidan marayu, hanya biyu ce gabansa. Ta farko makarantar musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, inda malami ya iya yaren hannu, makaho kuma yana karatu da yatsu a kan Braille, wato rubutun makafi. A nan yaro yana samun abokan hira. Ka ga hannuwa na ta tashi a tsakar makaranta, fuska a sake. Sai dai maraya ya bar katanga ɗaya ne ya shiga wata, bai san kasuwa ba, bai san maƙwabta ba.

Makarantar unguwa kuwa tana cuɗa shi da 'ya'yan jama'a, dokar hana wariyar nakasassu da aka sa wa hannu a 2019 kuma ta ba shi wannan haƙƙi. Amma aji cike maƙil, malama ta juya baya tana rubutu a allo tana magana, shi bai ji komai ba.

Ni dai na fi son ya fara da ta musamman har yaren hannu ya zauna masa, masu renonsa su ma a koya musu shi, don kada ya dawo gida da yamma ya rasa mai amsa masa.