Gudumar iska ta tafin hannu: yadda na gwada ta a rufin ɗakin Mma

Ruwa da iskar da aka yi a watan Afrilu ne suka tona asirin rufin ɗakin Mma. Gidanmu na gado ne a Aboabo, cikin Kumasi, irin mai tsakar gida da ɗakuna kewaye, kuma tun tasowata kwano kawai ake canjawa in ya yi tsatsa, ba wanda ya taɓa duba katakon da ke ƙarƙashi. Da na je gaishe ta da safe na tarar ta ja katifa gefe, ta jera bokiti biyu da baho, silin ya yi ciki kamar zai faɗo. Na ɓalle gefe ɗaya na haska tocila. Katako uku sun ruɓe daga bakin bango, inda ruwa ya daɗe yana bi, gara kuma ta shiga.

Sana'ata fentin mota ce a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, shekara 22 ke nan, saboda haka na aika a kira Baba kafinta, wanda yake mana aiki tun mahaifinmu na da rai. Ya hau tsani, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya sauko ya ce sai an yaye kwano. Na ce, "Baba, da damina? Ina zan kai tsohuwa?" Ya ce akwai wata dabara, a goya sabon katako a jikin tsohon a ɗinke su da ƙusa, amma wurin ya matse. Tsakanin kwano da kan bango bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Guduma tana son fili, sai ka ɗaga ta kafin ta sauka da ƙarfi, a can kuwa kana ɗagawa za ta daki kwano.

A nan na tuna da wani abu da ƙanena ya sako mini cikin durom ɗin kaya daga Bronx bara, na ajiye shi a kabad ɗin shago ban taɓa buɗewa ba. Masu sayar da ita suna ce mata fam nela, ni kuwa gudumar iska nake kiranta. Girmanta kamar babban mangwaro mai dogon hanci, tana zama daidai cikin tafin hannu, da ɗan maɗauri da ke kama bayan hannu. Nauyinta bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Kamfanoni irin su Bostitch da Senco suna yin irinta, akwai manya akwai ƙanana. Da yake iska take ci, ba ruwanta da rigimar wuta 110 ta Amurka da 230 tamu, rigimar da ta ƙona wa mutane da yawa kayan da aka aiko musu.

Ba bindigar ƙusa ba ce, kuma mutane suna haɗa su. Bindiga tana cin ƙusoshi na musamman da aka jera a manne, ta harba ɗaya gaba ɗaya. Wannan kuwa ƙusar da ka sani take ci, wadda ake auno maka a kowane shagon kayan gini a Alabar ko Aboabo, ɗaya bayan ɗaya. Kana zura kan ƙusa cikin hancin, maganaɗisun da ke ciki ya riƙe ta. Ba ta da kunama. Ka ɗora tsinin ƙusa inda kake so, ka danna da tafin hannu, sai fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo a ciki, ya fara sara da sauri, tatatata, kamar keken ɗinki ya samu lantarki. Ka sassauta hannu ta tsaya. Tawa tana ɗaukar ƙusa daga inci 2 zuwa inci 4.

Kafin in kai ta gida sai da na sha ɗan yawo. Bakin da ke jikinta na Amurka ne, bai shiga kan tiyon da muke amfani da shi a shago ba. Na zaga wajen masu kayan iska a Magazine, a shago na uku na samu baki mai zare kwata na inci wanda ya dace, na naɗe shi da farin tef na masu aikin famfo na ɗaure. Duk wanda za a aiko masa da ita daga waje, ya ce a haɗo masa da bakin tiyo mace da namiji, ya huta. Na kuma ware mata tiyo nata daban, domin ana ɗiga mata mai, mu masu fenti kuwa mun san ɗigon mai ɗaya a layin iska ya isa ya ɓata fentin mota guda.

Ranar Asabar na ɗora ƙaramin kwamfuresa mai lita 24 a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka biya ta kasuwar katako ta Sokoban muka ɗauko tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, na itacen dahoma, na shafe su da maganin gara. Baba ya karɓi gudumar ya juya ta a hannu, ya leƙa hancin, ya ce, "Ɗana, wannan kwaɗon ne zai tura ƙusa inci huɗu?" Na ce, "Baba, mu gwada a ƙasa tukuna." Na saita ƙarfin iska a 90 a ma'aunin PSI, wato wajen 6 a ma'aunin "bar" na agogon kwamfuresa, na ɗiga mai uku a bakin iska, na haɗa guntaye biyu. Kafin ya gama gyara tsayuwa ƙusar ta nutse har kai. Bai ce komai ba. Ya ɗauki guntun, ya yi ƙoƙarin raba su da hannu, sa'an nan ya miƙo mini wata ƙusar.

A saman ne ta nuna amfaninta. Ina tsaye kan tsani, kaina da kafaɗa ɗaya cikin silin, zafin kwano yana gasa mini ƙeya, hannun hagu yana tallafe da sabon katako. Da guduma ce da sai na nemi hannu na uku, ɗaya katako, ɗaya ƙusa, ɗaya guduma. Nan kuwa Baba ne ke sa mini ƙusa a hancin gudumar daga ƙasa ya miƙo, in zura hannu cikin lungun da ko ganinsa ba na yi sosai, in laluba da tsini har in ji na dace, in danna. Tana shiga a tsaye, tana shiga a karkace, har ta sama tana bugawa hannu a rairan. Ƙusar da ake sakawa a kaikaice don ta kama katako biyu a kusurwa, wadda take wahalar da ko gwanin kafinta in wuri ya matse, ita ce ta fi mini daɗi: ka fara dannawa a hankali har tsini ya kama, sai ka kwantar da hannu yadda kake so ka ƙarasa. Katako na farko da na biyu mun gama su kafin kiran azahar.

Na ukun ne ya ba mu aiki. Katakon da ke kwance a kan bango odum ne, na zamanin kakanmu, ya bushe ya zama kamar ƙarfe, gara ma ba ta iya taɓa shi ba. Ƙusa ta shiga inci ɗaya ta tsaya, gudumar tana ta sara, sai na ji ta lanƙwashe. Ta biyu ma haka. Matsalar ita ce in ƙusa ta lanƙwashe a irin wannan lungu, zare ta ya fi saka ta wuya. Baba ya aika yaro ya karɓo sabulun wanki wajen Mma, ya goga wa ƙusa tun daga tsini har rabi, ya ce in ɗan huda wurin da dirila tukuna. Na huda, na ƙara iska zuwa 100, sai ga ta tana tafiya sannu a hankali har ta zauna. A wawa da ofram, masu taushi, ba ka buƙatar wannan duka, sai ma ka kiyaye kada ta nutsar da kan ƙusa fiye da kima. Amma a busasshen odum, kada wanda ya ce maka inji zai raba ka da dabarar kafintoci.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma gara in faɗa. Girgizarta tana shiga ƙashi. Bayan ƙusa wajen arba'in tafin hannuna ya mutu, yatsu suna tsuwa, har la'asar ban dawo daidai ba. Washegari na sa safar hannu mai kauri, na riƙa hutawa tsakani, ya yi sauƙi, amma ba zan so in wuni da ita ba. Ƙararta kuma a ƙarƙashin kwano sai ka ce ana ɓarin wuta. Mma ta ƙaura ɗakin maƙwabciya da carbinta, matan gida suka ce sun kasa jin juna a madafa. Toshe kunne wajibi ne, haka tabarau, domin tsatsa da ƙurar shekaru suna zubo maka a ido da kowane sara. Sa'an nan hancinta yana barin zobe a jikin katako kewaye da kan ƙusa. A rufi ba wanda zai gani, amma ba zan kai ta kusa da ƙofa ko kabad ko firam ɗin taga ba. Ƙusar kwano mai hula ba ta shiga hancin, ƙananan ƙusoshin silin kuma rawa suke yi a ciki, su dai Baba ya buga da gudumarsa. Ƙusar kankare ban ma gwada ba, ƙarfenta mai tsauri ne, tana iya karyewa ta yi tsalle.

Sau biyu na jona iska sai na ji tana huci ba ta sara. Fistin ne ya tsaya a tsakiya. Ka ɗan buga bayanta da tafin hannu ko a jikin katako, sai ta koma daidai. Mai kuma a nemi na kayan iska, kada a ɗura mata baƙin man mota, yana cinye robobin ciki. Ga laimar Kumasi da damina: da yamma na buɗe famfon ƙarƙashin tankin kwamfuresa, ruwa mai tsatsa ya fi rabin kofin shayi. In ba ka zubar da shi kullum, cikin gudumar zai ƙare. Da yake ba ta da kunama, duk abin da ya danna hancin zai tashe ta, gidanmu kuwa cike yake da yara, shi ya sa ko ruwa zan sauka in sha sai na cire tiyo.

Maganar saye, ga yadda na gani. Ita kanta ba ta kai kuɗin bindigar ƙusa ba, kwamfuresa ne tsadar. Ƙaramin mai lita 24 ya riƙe ta, sai dai yana yawan tashi, in kuma aka ɗauke wuta iskar tanki ba ta kai ka ko'ina, ranar Lahadi sai da muka zauna awa biyu muna jira. Mai fenti, mai faci, makaniki, duk wanda yake da injin iska a hannu, in ya same ta ya karɓa, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a aiki ɗaya irin namu. Wanda zai sayi kwamfuresa musamman dominta don ya gyara benci ko akurkin kaji a fili, ya riƙe kuɗinsa, guduma ta ishe shi. Sai fa mai ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu, wanda ɗaga guduma ya zama masa azaba. Baba ya ce mini shekara uku ke nan ba ya karɓar aikin bugun sama saboda kafaɗarsa ta dama, kuma a kan idona ya hau tsani ya saka ƙusa shida na ƙarshe da kansa.

Ruwan Yuni ya zo ya wuce, ɗakin Mma ko ɗigo. Makon jiya Baba ya zo har Magazine ya same ni, ya ce ya samu aikin silin a wata makarantar allo a Sawaba, ko zan ara masa. Na haɗa masa da kwamfuresa da tiyo da kwalbar mai, na sa yaron shagona ya bi shi don ya kula da iska, na ce su dawo da ita kafin Juma'a, domin rufin madafarmu ma yana jira.