Mun kwana a tsohon gidan masu ƙasa a Mecklenburg: tarihin ya ratsa ni, hidimar ta ɓata mini rai

Duk mazaunin Jamus ya san tallan nan na kwana a tsofaffin gidajen masu ƙasa na karkara, wato manyan masu gonaki na da, musamman a jihar Mecklenburg-Vorpommern inda irinsu suka kai wajen 2000. Ni da maigidana muka kama ɗaki a ɗaya daga ciki, can yankin tafkuna, hutu kawai muka je nema.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zagayen da matar gidan ta yi da mu. Ba ya cikin kuɗin da muka biya, ganin mu ta yi muna leƙe-leƙe ta ce mu biyo ta. A babban zaure ta durƙusa ta nuna mana ramukan ƙusa a jere a daɓen katako. Nan aka kakkafa allunan da suka raba zauren ɗaki-ɗaki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka cika gidan da 'yan gudun hijira daga yankunan gabas da Jamus ta rasa a yaƙin, wato Gabashin Prussia da gabashin Pomerania, kowane iyali da lungunsa da murhunsa. A 1945 ne, a yankin da sojojin Sobiyet suka mamaye, aka ƙwace duk gonar da ta haura hekta 100 ba tare da diyya ba, aka rarraba wa ƙananan manoma, masu ita kuma aka kore su daga gundumar. Daga baya gidan ya koma ofishin ƙungiyar noman haɗin gwiwa ta Jamus ta Gabas, ƙasan bene kuma kanti da wurin renon yara. Akwai bango ɗaya da ta bari da gangan ba ta shafe ba: koren fenti na zamanin gurguzu, ƙarƙashinsa takardar bango mai furanni, can ciki kuma adon asali. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallo, har tsigar jikina ta tashi.

Na ce da ita, «Hala gado kika yi?» Ashe saya suka yi, yana kango, rufi na yoyo. Bayan haɗewar Jamus a 1990 ba a mayar da abin da aka ƙwace tsakanin 1945 da 1949 ba, kotun tsarin mulki ma ta tabbatar da haka a 1991. Jikan mai gidan na asali in yana son gidan kakansa, sai ya sa kuɗinsa ya saya kamar kowa. A lokacin har na fara cewa maigidana lallai mu dawo da yara.

To amma dare ya yi. Ɗaki mai dogon rufi, na'urar ɗumama ɗaki tana aiki kamar ba ta yi, iska na shigowa ta gefen taga. Mun yi magana, aka miƙo mana bargo ɗaya, shi ke nan. A wannan kuɗin! Da safe kuma, duk da na rubuta musu tun wajen kama ɗaki cewa ba ma cin naman alade, shi ne ya cika teburin. Burodi da zuma da shayi muka karya da su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan littafin tarihin da suka ajiye a ɗaki. Shafi bayan shafi, asalin dangin masu gidan ne, wane ya auri wance, wane ya gina wane ɓangare. Talakawan da suka noma gonar kuwa, ko layi ɗaya babu. Alhali a Mecklenburg manomi ɗaure yake da ƙasar ubangidansa, ba ya tashi ba ya aure sai da izini, kuma sai a 1820 aka yi dokar soke wannan bauta. Da na tambaye ta, matar da ta durƙusa a kan ramin ƙusa jiya sai ta ce ba su da takardu, ta wuce kicin. Hakan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Mai son zuwa ya bari sai lokacin zafi, kuma ya je da motarsa, don bas ba ya shiga ƙauyen ran Lahadi. Na rubuta musu a kan sanyin da abincin bayan mun koma, har yau ba amsa.